Wa zai kula da injinan matatar Damagaram?

An buɗe matatar SORAZ a 2011 don tace ganga 20,000 ta ɗanyen man Agadem kowace rana. A 2015 inji ɗaya ya lalace, aiki ya tsaya cak na makonni. Ran masana'anta yana hannun makanikin da ke duba inji kullum, ya gano matsala tun tana ƙarama. Amma mu malamai da iyaye a Magariya da Dungas, sai yaro ya kasa a aji muke tuna makarantar koyon sana'a. Ni ban yarda da wannan ba. Mu tura masu kaifin lissafi can su ma. In mun ƙi, man namu ne, amma gyara sai an jira baƙo.