Sunan Ɗorawa A Bakin Masana

Sau da yawa nakan ji 'yan'uwana ɗalibai suna gunaguni, wai sunayen Latin da masana ke ba itatuwa da dabbobi wahalar banza ce. Ni dai ban yarda ba.

A Maitumbi, nan Minna, Bagwari da Banufe da Bahaushe kasuwa ɗaya su ke ci, amma kowa da sunan da ya ke kiran ɗorawa. To, in unguwa guda haka, ina ga duniya duka? Saboda haka a 1753 Linnaeus, wani masani na ƙasar Suwidin, ya kafa dabarar ba kowane tsiro suna biyu, na farko na dangi, na biyu nasa na kansa. Ɗorawa ita ce Parkia biglobosa. Robert Brown ya raɗa wa danginta Parkia a 1826, don tunawa da Mungo Park, Baturen nan da ya halaka a kogin Kwara wajen Busa cikin 1806. Ashe har tarihin jiharmu na cikin sunan nan! Biglobosa kuwa, watau mai dunƙule biyu, siffar furenta ce.

Inda na ke da magana da mu malaman gobe shi ne wajen hadda. Mu rubuta sunan a allo, yara su yi ta rerawa, ba su ko san uwar kalwa da daddawar miyarsu a ke nufi ba. A kai su gindin itacen mana, kowa ya faɗi sunansa da harshen gidansu, su tsinko furen su duba dunƙulen, sa'an nan a ba su na Latin.