Damben Turawa: Na So Shi, Amma Yanzu Raina Ya Fita

'Yan'uwana ɗalibai, ni ɗan Birnin Gwari ne, kuma da sautin kalangu na fara sanin dambe. Ina yaro, da kaka ta yi an kai amfanin gona gida, kawuna mahauci yakan riƙe hannuna mu je fili. A ɗaure hannu da zare, makaɗi ya zuga, a yi turmi uku. In an yi kisa, kowa ya gani da idonsa, babu gardama.

Da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku da Kuyambana, hanyar Kaduna ta zama sai da addu'a, taron dare ya mutu murus. Waye zai fito kallon dambe alhali gonarsa ma ta gagare shi? Sai muka koma gidan kallo da wayoyinmu, muka rungumi damben Turawa.

Wallahi na so wasan nan. A Afrilun 2017 Klitschko ya kai Anthony Joshua ƙasa a Wembley, yaron ya tashi, ya gama da shi a turmi na 11. Ranar muryata har dushewa ta yi. Da Andy Ruiz ya kunyata shi a Yunin 2019 ban ci tuwon kirki ba, sai da ya ƙwato kambunansa a Saudiyya a Disamba. Ina ganinsa a matsayin magajin Hogan Bassey, zakaran duniya na 1957, da Dick Tiger na 1962.

To me ya sa raina ya fita? Na farko, sarauta ta yi yawa. WBA, WBC, IBF, WBO, kowace da nata zakaran. Gari guda, sarki huɗu! Tun bayan Lennox Lewis a 1999, ajin masu nauyi bai sake samun zakara guda tilo ba sai 2024, da Usyk ya doke Fury. Karon Joshua da Fury kuwa, a 2021 aka yi ta cika mana kunne da shi, ƙarshe ya watse a hannun lauyoyi.

Na biyu, alƙalanci. A Oktoban 2023 Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda bai taɓa damben ƙwararru ba, ya kayar da Fury a turmi na 3 a Riyad, amma alƙalai biyu cikin uku suka ba Fury nasara. A filin garinmu, wanda ya faɗi ya faɗi, magana ta ƙare.

Na uku, wasan ya koma kasuwa. A Nuwamban 2024 aka haɗa Mike Tyson mai shekara 58 da Jake Paul mai 27, ɗan YouTube. Haba jama'a! Wannan dambe ne ko cinikin suna? Ni da nake ba ku labari na hana idona barci, na ƙona data, abokin ɗakina kuma ya zuba kuɗin abincinsa na mako a caca. Garin rogo muka sha har Juma'a.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Maris na 2025, da Segun Olanrewaju, ɗan damben Najeriya, ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa a Accra, ya rasu. Manya na kwasar miliyoyin daloli, na ƙasa na sayar da ransu da araha.

Abin da nake tsoro shi ne kada wannan cuta ta kama damben gargajiya. Yanzu kuɗi da kyamara sun shigo, ana kallon Kudu da Arewa, Jamus da Guramaɗa a intanet har ƙasashen waje. Madalla, ɗan dambe ma ya ci guminsa. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ajiye likita da motar asibiti a kowane gidan dambe, a auna nauyi kafin a haɗa, a rubuta yarjejeniyar kuɗi a fili.

Bayan sulhun ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Ina roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya, kalangu ya dawo fili da kaka. Mu kuma ɗalibai, mu kalli wasa, amma kuɗin makaranta ba na caca ba ne.