MU ZAGA DUNIYA: Tafiyar Ƙafa a Duwatsun Nepal

Kwanakin baya muna koyar da labarin ƙasa a aji, muka rataye taswirar Asiya a jikin allo, muka nuna wa yara wata 'yar ƙasa siririya da ke matse tsakanin Indiya da Sin, kamar akuya tsakanin giwaye biyu. Sunanta Nepal. Muka ce musu kowace shekara dubban baƙi su kan je can, su ziyarci wuraren ibadar 'yan Hindu da na mabiya Buda, sa'an nan su ɗauki sanda su yi mako biyu ko uku suna tafiya a ƙafa cikin duwatsu.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mutum da hankalinsa ya biya kuɗi domin ya sha wahala?" Aji ya fashe da dariya. Da dariya ta lafa, wata yarinya ta ce, "Malam, in Kirista ya je can, daidai ne ya shiga ɗakunan ibadarsu?" Ƙararrawa ta katse mu kafin mu ba da amsa sosai. Shi ya sa muka kawo tambayoyin nan biyu gabanku, gama ba na yara kaɗai ba ne.

Kwarin Katmandu

A duniya duka akwai duwatsu 14 da tsawonsu ya wuce mita 8,000, guda 8 kuwa suna cikin Nepal ko a bakin iyakarta, har da Everest wanda ya fi kowane. Domin mu gane abin da a ke nufi, dutsen da ya fi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419. Duwatsun Shere da ke kusa da Jos mita 1,829 ne. Babban birnin Nepal, watau Katmandu, yana kan tudu mai kimanin mita 1,400, ya ɗan ɗara Jos kaɗan. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna mutanen ƙasar sun kai miliyan 29, kashi 81 cikin ɗari 'yan Hindu ne, kashi 8 mabiya Buda, kashi 5 Musulmi, Kirista kuwa ba su cika kashi 2 ba.

Yawancin matafiya su kan fara da kwana biyu ko uku a kwarin Katmandu, inda hukumar UNESCO ta sa wurare 7 cikin kayan tarihin duniya a 1979. Akwai Pashupatinath a bakin kogin Bagmati, babban haikalin Shiva. Wanda ba ɗan Hindu ba ne ba a barinsa ya shiga babbar farfajiyar, sai dai ya tsaya a ƙetaren kogi. Daga can zai ga iyalai suna ƙone gawawwakin 'yan'uwansu bisa dandamali a bakin ruwa, gama haka jana'izarsu ta ke. Akwai Boudhanath, wata babbar ƙubba fara mai tsawon mita 36, an zana idanu a fuskokinta huɗu. Safe da yamma mabiya Buda su kan kewaye ta, ƙubbar tana hannun damansu, da yawansu 'yan gudun hijira ne daga Tibet da zuriyarsu, waɗanda suka fara zuwa tun 1959. Akwai kuma Swayambhunath bisa tudu, inda sai an hau matakala 365, birai kuwa sun yi yawa har baƙi suna kiransa haikalin birai. Girgizar ƙasa ta ran 25 ga Afrilu 2015 ta kashe mutum kusan 9,000 a ƙasar, ta rushe tsofaffin gine-gine da dama. An gyara ƙubbar Boudhanath, aka sake buɗe ta a Nuwamba 2016.

Kewayen Annapurna

Hanyar da za mu bi ita ce wadda ta kewaye dutsen Annapurna, mai mita 8,091. Shi ne na fari da mutum ya hau cikin manyan nan 14. Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, suka kai ƙololuwarsa ran 3 ga Yuni 1950, amma sanyi ya cinye musu yatsun ƙafa, Herzog har da na hannu. Matafiyan da mu ke magana a kansu ba hawan ƙololuwa su ke yi ba, kewaya gindin su ke yi. An buɗe wa baƙi hanyar a 1977. Tsawonta tsakanin kilomita 160 da 230 ne, gwargwadon inda mutum ya fara da inda ya tsaya, a dā kuwa ta kan ci mako uku. Yanzu an fasa hanyar mota a gefe biyu, saboda haka waɗansu su kan rage kwanakin.

A kan tashi daga garin Besisahar, ƙasa da mita 1,000, a bi kogin Marsyangdi zuwa sama. Kwanakin fari da zafi da gumi, ga ayaba, ga gonakin shinkafa an yanka su hawa-hawa a jikin tudu, abin da duk wanda ya san gonakin mutanen duwatsun Mandara zai gane nan da nan. A kan ƙetare kogi bisa gadoji na igiyar ƙarfe masu lilo. Da dare a kan kwana a ƙananan masaukai na ƙauye, a ci abincin da kowa ke ci, watau dal bat: shinkafa da romon ƙananan wake da ganye, in ka cinye a ƙara maka.

Yadda hanya ke hawa, haka ƙasa ke sākewa, addini ma haka. A ƙasa ƙananan ɗakunan ibadar Hindu ne a bakin hanya. A sama kuwa sai tutoci masu launi biyar suna kaɗawa a iska, da dogayen katangu na duwatsu masu rubutun addu'a, waɗanda al'ada ta ce a wuce su ta hagu. Kafin a kai Manang, wajen mita 3,500, itatuwa sun ragu ƙwarai, gonaki sun koma na sha'ir da dankalin Turawa, shanu kuma sun koma wani iri mai gashi buzu-buzu da a ke kira yak.

Inda ƙarfi ba ya amfani

A Manang ne mai hankali ya kan tsaya kwana biyu, ko da bai gaji ba. Ga dalili. Yadda mutum ke hawa, haka iska ke raguwa. A mita 5,400, numfashi ɗaya yana kawo wa jiki kimanin rabin iskar oksijin da mu ke samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. In an hanzarta, ciwon tudu ya kan kama mutum: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci. In ya yi taurin kai ya ci gaba, ruwa ya kan taru masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka'idar likitoci ita ce, in an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta bayan kowane kwana uku ko huɗu. In ciwo ya tsananta, babban magani shi ne a sauka, ko da tsakar dare ne. Akwai ɗan asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya a Manang, inda a lokacin baƙi likitoci su kan tara matafiya su yi musu wannan gargaɗi.

Abin lura shi ne ciwon nan ba ya tsoron ƙarfi. Saurayi majiyi ƙarfi da ya ga zai iya haɗa tafiyar kwana biyu a yini ɗaya, shi ne ya fi shiga hatsari, dattijo mai tafiyar hawainiya ya zo ya wuce shi. Kakanninmu ba su taɓa ganin Himalaya ba, amma sun riga sun ce sauri ya haifi nawa.

Ranar da ta fi kowace wuya ita ce ranar ƙetare mashigin Thorong La, mita 5,416, watau ya ninka Chappal Waddi har da ɗori. A kan tashi tun wajen ƙarfe 4 na asuba da fitila a goshi, domin a ƙetare kafin iskar rana ta taso. Sau da dama mutum ya kan hango tudu ya ce ga ƙarshe, in ya hau sai ya tarar da wani a gaba. Hangen Dala ba shiga birni ba.

A nan ne abin baƙin ciki ya faru ran 14 ga Oktoba 2014. Oktoba wata ne na sarari da rana a Nepal, shi ya sa hanya ta cika da mutane. Amma wata guguwar teku da a ke kira Hudhud, wadda ta bugi gabashin Indiya, ta turo hadari zuwa duwatsu, dusar ƙanƙara ta zubo kusan mita 2 cikin sa'a 12. Waɗansu suka fake a ɗan shagon shayin da ke kan mashigin, waɗansu suka fita cikin guguwa, hanya ta ɓace musu. Aƙalla mutum 43 suka mutu a wannan yanki, aka kwashe ɗaruruwa da jirage masu saukar ungulu. Cikin matattun akwai baƙi daga Kanada da Isra'ila da Polan da Indiya, akwai kuma 'yan ƙasa da yawa: ja-gora, da makiyaya, da 'yan dako.

Bari mu tsaya a kan 'yan dakon nan. Su ne ke ɗaukar kayan baƙi a baya, da ɗamara da ta ratsa goshi. Baƙo ya zo don nishaɗi, su sun zo neman abin ciyar da iyali. Sanyin da ke cin baƙo mai rigar kuɗi shi ke cin ɗan dako mai takalmin roba. Duk wanda ya ɗauki ɗan dako, a Nepal ne ko a kasuwar garinmu, kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma tambaya ko ya ci abinci, ko yana da abin rufa. Tun Afrilu 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ba da doka cewa baƙi su riƙa tafiya da ja-gora mai lasisi a irin waɗannan hanyoyi.

Muktinath

Daga mashigin a kan gangara kimanin mita 1,600 a yinin nan, gwiwoyi suna rawa, har a iso Muktinath. Wannan wuri ne da addinai biyu su ke girmamawa tare. 'Yan Hindu suna ɗaukarsa haikalin Vishnu, sunan kuma yana nufin ubangijin kuɓuta. Mabiya Buda suna kiransa da sunan da ke nufin ruwaye ɗari, matansu masu zuhudu kuwa suna cikin masu lura da wurin. A bayan haikalin akwai indararo 108 masu siffar kan sa, ruwan sanyi ƙalau yana zubowa, masu ziyara su kan bi ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya suna fatan a wanke musu zunubi. Kusa da nan akwai wani ɗaki inda wuta ke ci a jikin dutse kusa da ruwa, saboda iskar gas da ke fitowa daga ƙasa. A kogin Kali Gandaki da ke ƙasa a kan tsinci baƙaƙen duwatsu masu zanen katantanwa, waɗanda 'yan Hindu su ke ɗauka alamar Vishnu. Masana kimiyya sun ce halittun teku ne da suka zama dutse, gama wannan wuri ƙarƙashin teku ya ke a zamanin dā. Daga nan hanya ta bi ta Jomsom da Marpha mai gonakin tuffa, ta ratsa tsakanin Annapurna da Dhaulagiri, har Tatopani inda maɓuɓɓugar ruwan zafi ke jiran ƙafafun da suka gaji.

Amsarmu

Ga yaron nan mun ce, tafiya mabuɗin ilimi ce, gani kuma ya kori ji. Wanda ya yi mako biyu yana auna numfashinsa ya kan komo gida da sanin iyakar ƙarfinsa, da sanin darajar wanda ya ɗaukar masa kaya.

Ga yarinyar kuwa, mun tuna mata da Manzo Bulus a birnin Atina. Bai rufe ido ba. Ya zaga, ya duba wuraren sujadarsu da kyau, har ya karanta rubutun da ke jikin wani bagade, sa'an nan ya yi musu magana da ladabi, bai kuwa sunkuya wa gumakansu ba. Haka mu ke gani. Kirista yana iya zuwa ya duba, ya tambaya, ya koya. Inda aka ce a tuɓe takalmi ya tuɓe, inda aka ce kada baƙo ya shiga ya tsaya, kada ya yi dariya, kada ya ɗauki hoton masu makoki a bakin Bagmati, gama mu ma ba za mu so a yi mana haka a maƙabarta ba. Amma miƙa hadaya da yin sujada, wannan ba namu ba ne, ana kuwa iya ƙi da fara'a. Karin maganar nan ta wanda ya je gari ya tarar kowa da wutsiya ba ta aiki a sha'anin bangaskiya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba, ya tsaya a ƙofa, kada ɗan'uwansa ya raina shi.

Mu tuna kuma akwai 'yan'uwanmu a can. Sun saba yin sujada ran Asabar, domin ita ce ranar hutun da ƙasar ta daɗe da ita. Dokar da ta fara aiki a 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda aka samu da laifin juyar da wani daga addininsa, saboda haka baƙo mai sakin baki yana iya jawo musu wahala bayan ya koma gida. Iyaye, in kun zauna da yara da yamma, ku nemo Nepal a taswira, ku tambaye su yadda za su karɓi maƙwabcin da addininsa ya bambanta da namu, ku kuma sa waɗannan 'yan'uwa cikin addu'ar iyali.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.