Amurka: Ɗan Kaso da Gwajin Ƙwayoyin Halitta

Tun shekarar 1984, lokacin da masanin nan na Ingila, Alec Jeffreys, ya gano a jami'ar Leicester cewa ana iya bambanta mutum da mutum ta hanyar ƙwayoyin halitta, wato DNA, aikin shari'a ya samu wani sabon mashaidi wanda ba ya mantuwa, ba ya kuma jin tsoro. A 1993 wannan gwaji ya fitar da Kirk Bloodsworth daga kaso a jahar Maryland, bayan an taɓa yanke masa hukuncin kisa. Ƙungiyar Innocence Project ta ƙidaya mutum 375 da gwajin ya wanke a Amurka tsakanin 1989 da 2020, kuma 21 daga cikinsu hukuncin kisa aka yanke musu.

To, abin tambaya shi ne: ɗan kason da aka riga aka hukunta, shin tsarin mulki ya ba shi ikon tilasta wa hukuma ta miƙa shaidun da take ajiye da su domin a gwada?

A 2009 Kotun Ƙoli ta amsa a shari'ar William Osborne na jahar Alaska, wanda aka ɗaure bisa laifin fyaɗe da aka aikata a birnin Anchorage a 1993. Gwajin da aka yi a lokacin shari'arsa tsohon yayi ne, bai iya tantance mutum ɗaya tak ba. Osborne ya nemi sabon gwaji, har ya ce shi zai biya kuɗin. Alƙalai biyar suka ƙi, huɗu suka goyi bayansa. Babban alƙali John Roberts ya nuna cewa wanda kotu ta hukunta bisa ƙa'ida ba shi da cikakken haƙƙin wanda ake tuhuma, kuma tsara wannan al'amari aikin majalisun jahohi ne. Gaskiya ne Osborne ya taɓa amsa laifin a gaban hukumar sassauci, amma wanda ya san cewa sakinsa ya rataya a kan nuna nadama, amsawarsa ba ta kai nauyin sakamakon ɗakin bincike ba. Hujjar rufe shari'a domin kada ta yi ta jan ƙafa tana da ma'ana. Sai dai ba ta bayyana dalilin da zai sa hukumar da ta tabbata da hukuncinta ta guje wa gwajin da ba ita za ta biya ba.

Yanzu dukkan jahohi 50 suna da dokar gwaji bayan hukunci, amma sharuɗɗansu sun sha bamban, wasu kuwa masu tsauri ne ƙwarai. Saboda haka gardamar ta koma kan waɗannan dokoki. A 2011, a shari'ar Hank Skinner, kotun ta yarda ɗan kaso ya kai ƙarar dokar jaharsa gaban kotun tarayya. A 2023 ta ce ƙarar Rodney Reed ba ta makara ba. A 2025 kuma ta buɗe wa Ruben Gutierrez ƙofar ƙalubalantar dokar Texas, shi da aka dakatar da kisansa a 2024 saura mintoci kaɗan. Dukkan ukun daga Texas suke, kuma babu ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen da ya ba da umurnin a yi gwajin. Izinin ci gaba da ƙara kawai suka bayar. Shi Skinner ya rasu a 2023, hukuncin kisa yana bisa kansa.