Sabuwar A-kori-kura Cikin Tsohuwar Riga

A watan Afrilu na 2025 wani sabon kamfani a Amurka, wai shi Slate, ya nuna wa duniya 'yar a-kori-kura mai aiki da lantarki. Kujerunta biyu, ba rediyo, ba fenti, gilashin ma da hannu ake murɗa shi, tamkar Fijo 404 ta zamanin iyayenmu.

Ni kam na yaba da wannan dabara, domin manyan kamfanoni sun cika mota da ƙyale-ƙyale har ta gagari talaka. Amma fa da sauran rina a kaba. An yi alkawarin kuɗinta ba zai kai dala 20,000 ba, bisa dogaro da rangwamen haraji na dala 7,500. Rangwamen ya ƙare a Satumba na 2025, alkawari ya sha ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarkon irin waɗannan kamfanoni. Lordstown ya karye a 2023, Canoo ya bi sahunsa a 2025. Tsohuwar Fijo, bakanike na iya lallaɓa ta. To, ran da batirin wannan ya mutu, kamfanin kuma ya riga shi, wurin wa mai ita zai kai kuka?