Zancen Karkara: Baƙin Bakin Tabki

Da an gama girbi, garkunan shanu su kan ratso ƙasar Dogarawa, su bi kwarin Majiya neman ruwa. Waɗansu su tsaya madatsar Mozage, waɗansu su zarce har tabkin Ɗan Dutsi, yamma ga Illela. Gidansu na bisa jaki ko raƙumi: tabarmi, sanduna, ƙore. Inda sunka sauke, nan ne gari. Masunta ma su kan kahwa bukkoki bakin ruwa, suna ƙyahe kihi.

To, wa ke tarbonsu? Sau da dama babu kowa. Baƙo ya iso da dare, bai san mashaya ba, shanu su hwaɗa garkar albasa. Da sahe sai sanda da takobi, aikin wata ukku ya lalace, a kwashi mutane zuwa wajen sarki ko jandarma.

Can Amurka, bakin tabkin Mid cikin hamadar Nebada, akwai tsohhi masu zama cikin mota mai ɗaki da gado. Hukuma kan ba ɗaya daga cikinsu wurin zama kyauta, shi ko ya tarbi baƙi, ya nuna ma kowa inda za shi tsaya, ya tsare tsabta.

Mai masauki ba sabon abu ba ne ga Bahaushe; kowane zangon hwatake na da nashi. Hakimmai da arɗo-arɗo su zamna tun kahin a saki gonaki, su naɗa mutum guda ga kowace mashaya, wanda ya san burtali, ya kuma ji Hillanci.