Hoton aiki daban, hoton biki daban

A da, lokutan da mace kan tsaya gaban mai hoto ƙididdigaggu ne: ranar salla, ranar aure, ranar suna, sai ɗan ƙaramin fasfo na takardun makaranta. Yanzu zamani ya zo da wani hoton da iyayenmu ba su san shi ba, wato hoton aiki. Likita na buƙatarsa a shafin asibiti, lauya a shafin ofishinta, malamar jami'a a takardar sanarwar taron da za ta gabatar da maƙala, 'yar kasuwa a WhatsApp da Instagram, mai neman aiki a LinkedIn, 'yar takara a fosta. Wannan hoto yakan riga mai shi isa wuri. Kafin a ji muryarta, kafin a buɗe takardunta, an ga fuskarta, kuma zuciyar mai kallo ta riga ta fara yanke hukunci.

Saboda haka abin da mace za ta sa ranar ɗaukar wannan hoto ya wuce zancen ado kawai, ya shiga zancen gaskiya da mutunci. Matsayina guda ne: hoton aiki shaida ne da mace ke bayarwa a kan kanta. Kamata ya yi ya nuna matar da za a tarar a ofis ranar Litinin da safe, cikin tsafta da kyakkyawar shigarta, da launin fatar da Allah ya ba ta. Duk abin da ya nisanta hoton daga wannan mata, komai tsadarsa, ragi ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauko kwalliyar biki a kawo ta wurin aiki. Ana sanar da ranar hoto, sai a kira mai kwalliya ta zo da akwatinta. A liƙa gashin ido na kanti, a zana gira har ta sauya kama, a shafa hoda hawa-hawa, a yayyafa ƙyalli a kunci. Sannan a ɗauko leshi mai duwatsu, a kafa goggoro, a jera sarƙa da awarwaro. Wannan shiga tana da muhallinta, kuma ba ni da ja da ita ranar kamu ko walima. Amma mu yi tunanin mai juna biyu da ke duba shafin wani asibiti tana neman likitar mata da za ta damƙa wa amanar cikinta, sai ta ci karo da amarya. Ko magidancin da ke neman lauyar da za ta tsaya wa marayun ɗan'uwansa kan rabon gado. Abin da idonsu ke nema a fuskar shi ne natsuwa, da alamar cewa ga wadda za ta saurare su. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, in an binne fuskar, wa za a tambaya?

Ita kanta kyamara ba ta shiri da irin wannan kwalliya, kuma akwai dalili. Duwatsun leshi da sabuwar shadda mai maiƙo suna mayar da hasken fitilar mai hoto, sai su fito da farin tabo da ke janye ido daga fuska. Yadi mai siraran layuka kusa da kusa yakan rikita na'urar, sai ka ga wasu igiyoyi na rawa a jikin rigar da babu su a zahiri. Wasu nau'o'in hodar kuma da zarar walƙiyar kyamara ta dake su sai su yi fari fat a ƙarƙashin ido, fuska ta rabu da wuya kamar ba jiki ɗaya ba. Ga kuma girman da hoton zai koma. A yawancin shafukan nan, ɗan da'ira ne da bai wuce faɗin babban yatsa ba a fuskar waya, daga kafaɗa zuwa kai. Zanen atamfar da ya burge ki a Kantin Kwari, mai manyan furanni launi biyar, a cikin wannan da'ira hayaniya kawai zai zama.

Kada a ɗauka ina cewa kayanmu ba sa kyau a hoto. Seydou Keita, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, ya ɗauki matan birnin cikin zannuwansu masu zane, ya kuma rataya wani yadin mai zane a bayansu, hotunan suka yi kyan da har aka baje kolinsu a babban zauren Grand Palais na birnin Paris a 2016. Sai dai nasa hotunan baƙi da fari ne, kuma galibi mace yake ɗauka da jikinta da zamanta, don a ajiye a gida a riƙa kallo a tsanake. Hoton aiki kuwa kallo ɗaya ake yi masa a wuce. Don haka a zaɓi atamfa mai launi biyu ko uku da suka jitu, ko yadi marar zane, a bar fuska ta yi magana.

Mai sa hijabi ko mayafi ta fi kowa buƙatar lura da launi, domin shi ne ke zagaye da fuskarta. Kyamara, musamman ta waya, tana auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya. In farin hijabi ya cika hoton, sai ta rage haske don kada ya yi yawa, fuskar mai duhun fata ta nutse. In baƙi ne, bayan kuma mai duhu, kai da bango sai su haɗe. Launuka na tsaka-tsaki sun fi yi wa fatarmu adalci: shuɗi mai duhu, kore mai duhu, ruwan toka, ruwan zuma, ruwan ƙasa. Sannan akwai ƙananan abubuwan da madubi ke yafewa amma hoto ba ya yafewa. Sabon mayafi da aka zaro daga leda yana ɗauke da layin ninki, kuma layin nan zai fito raɗau a kafaɗa in ba a yi masa guga ba. Hular ciki in ta leƙo a gefe ɗaya, kan zai zama kamar ya karkace. Bakin hijabi in ya zazzago gaba, inuwarsa za ta faɗa kan idanu, alhali idanun ne jigon hoton. Allurar da ta maƙale mayafi a ƙarƙashin haɓa a tura ta ciki, kada kanta ya yi ƙyalli. Ɗaurin ɗankwali kuma ya kasance wanda zai shiga da'irar, domin mai tsayi sosai sai an sare kansa.

Duk wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Riga ɗaya da tela ya daidaita kafaɗarta, wankakkiya gogaggiya, ta wadatar. Ɗan kunne ƙarami, kwalli, man leɓe ko jambaki marar kauri, da hoda daidai launin fata don ta kashe maiƙon goshi. A tsaya ana fuskantar taga da hantsi, ko a inuwa mai haske, bango marar tarkace a baya. Kada mace ta miƙa hannu ta ɗauki kanta, domin kyamarar waya in ta matso kusa tana ƙara girman hanci ta ƙanƙantar da gefen fuska. Wani ya ja baya kamar taku uku, ya riƙe wayar daidai tsayin idonta.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne. Akwai 'yan'uwa mata da suka yarda a ransu cewa ba za a ɗauke su ƙwararru ba sai sun sa kwat irin na Turawa. Sai ka ga wadda kullum cikin atamfa da gyale take zuwa aiki ta aro baƙin kwat ranar hoto, hannun ya yi mata tsawo, kafaɗar ta yi mata faɗi, ta harɗe hannuwa a ƙirji tana kwaikwayon abin da ta gani a intanet. Zanen aro ba ya rufe katara. Wadda aikinta na banki ne, kullum da kwat take fita, ta sa abinta, gaskiyarta ke nan. Haka malamar jinya da kayan aikinta, injiniya da hular kwanonta. Abin ƙi shi ne mace ta ji kunyar shigarta ta kullum.

Kuma me zai sa ta ji kunya? Ranar 1 ga Maris, 2021, Ngozi Okonjo-Iweala ta kama aiki a Geneva a matsayin shugabar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, mace ta farko kuma ta farko daga Afirka, sanye da atamfa da ɗaurin kallabinta da kowa ya san ta da shi. Amina Mohammed tana riƙe da muƙamin mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, kuma da kanta a ɗaure duniya ta saba ganinta. A nan gida, a watan Disamba na 2017 aka hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta haƙura ta ga takwarorinta sun wuce, har aka rantsar da ita a watan Yuli na 2018 da hijabin a kanta. Ko ƙa'idar hoton fasfo, duk da tsananinta, ta yarda da rufe kai saboda addini muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa. Wasu sun sha wahala kafin wannan ƙofa ta buɗe. Bai dace ƙannensu su zo su rufe ta da hannunsu ba saboda tsoron abin da wani zai ce.

Abu na uku shi ya fi ci mini rai, wato abin da ake yi wa hoto bayan an ɗauka. Mai hoto zai zauna gaban kwamfuta, ya juyo ya ce, "Hajiya, a ɗan ƙara miki haske ko?" Kafin ta amsa ya ja wani abu, baƙar mace ta koma fara, kumatu sun zabge, layukan gefen ido da shekaru ashirin na aiki suka zana sun ɓace. Yanzu ma har manhajoji ake da su da ke ƙera wa mutum hoton ofis sukutum, da rigar da bai taɓa sawa ba da fuskar da ba tasa ba. Amsar da ta dace gajera ce: "A'a, Malam, gyara hasken ɗakin, ka bar mini kalata." Goge ƙurjin da ya fito jiya zai baje jibi ba laifi ba ne. Sauya halitta kuwa algus ne, kuma wanda aka fara yaudara shi ne wanda zai zo neman mai hoton ya kasa gane ta.

Wannan son hasken yana da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda da shi suke daidaita launi, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. An daɗe na'ura tana auna kyau da fatar da ba tamu ba, abin takaici kuma mun karɓi ma'aunin mun riƙe. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan mayukan bilicin da illarsu ga fata da ƙoda, har a 2023 ta bayyana lamarin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma. Yarinyar da ta ga hoton malamarta ko gwaggonta likita an wanke shi ya yi fari, darasin da za ta ɗauka shi ne ilimi bai isa ba sai an haɗa da haske. Daga nan zuwa shagon mai haɗa man bilicin ba nisa.

Na san akwai masu ganin bai ma kamata mace ta fitar da hotonta ba. Malamai sun yi bayanai a kan haka, kuma wadda ta zaɓi sa tambarin sana'arta a maimakon fuskarta ta cancanci a girmama zaɓinta, kada wani ofis ya matsa mata in ba dole ba. Maganata da wadda aikinta ya buƙaci hoton ne. Ita ma kamun kai bai hana ta fitowa tsaf ba, kuma fara'a ba rashin kunya ba ce. Murmushi kaɗan na nuna cewa ana maraba da mai zuwa. Mu kuma masu kallo, musamman maza, akwai namu nauyin. Mace ta sa hotonta tana sanar da cewa ta kammala digiri na uku, sai sharhi ya koma kan kyanta da tambayar ko tana da aure. Wannan ƙasƙanci ne, kuma yana cikin abin da ke tura wasu ga wuce gona da iri a kwalliya, ya kori wasu daga fili gaba ɗaya.

Ina kira ga masu hoto su koyi haska baƙar fata yadda za ta fito da kyanta, su daina ɗaukar mayar da ita fara a matsayin gwaninta. Ma'aikatun da ke tara hotunan ma'aikatansu su bar kowace ta zo da shigarta ta mutunci. Ke kuma 'yar'uwa, kafin ki aika hoton nan, nuna wa mahaifiyarki ko abokiyar aikinki, ki tambaye ta ko ta ga ke ce. In ta yi jim kafin ta amsa, koma a sake ɗauka. Shekarun da kika yi kina karatu da wahalar da kika sha kafin ki kai inda kike sun isa su tsaya miki, ba sai kin ari fuskar wata ba. Allah ya sa mu dace.